LAMBUN DA BA YA SHAN RUWAN RIJIYA

Jawabin kwamitin lambu a gaban babban taron ƙungiyar 'yan gari. An buga shi domin waɗanda ke nesa.



Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta Malam. Dattawan gari, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Damagaram da Agadas da Arlit da Kano domin wannan taro, muna yi muku barka da zuwa. Na Ikko da Libiya da Aljeriya da ba su samu zuwa ba, wannan takarda za ta iske su. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

An ɗora mana, mu 'yan kwamitin lambu, mu bayyana abin da aka yi da abin da ya rage. Akwai kuma magana guda da ta raba kan jama'a, watau kuɗin da 'yan cin rani suka tara a asusu. Wasu sun ce a sayi injin ban ruwa a kafa a rijiyar gari, a yi salat da tumatir da kabeji kamar yadda suka gani a wasu wurare. Wasu sun ce kada a taɓa rijiya. Mu dai ga matsayinmu tun da fari: lambun da zai ɗore a Damargu shi ne wanda ba ya shan ruwan rijiya. Ku ba mu kunne mu kawo dalili, sa'an nan taro ya yanke.

1. ƘASAR DA MUKE CIKI

Samarin da aka haifa a birni suna jin sunan Damargu tare da sunan yunwa. To, su sani ba haka aka san mu ba a dā. Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayarin Abzinawa kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da geronmu. Gashin jimina da ake tarawa a nan har Tarabulus ake kai shi. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar nan a watan Janairu na 1851. A Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, kuma ya rubuta yadda mutanen Abzin suka dogara da hatsin Damargu.

Amma wannan arziki duka na damina ne. Ba mu da gulbi. Ruwan da Tanut ke samu a yawancin shekaru bai kai milimita 300 ba. Iyakar noma da gwamnati ta shata da doka a 1961, wadda daga ita sai ƙasar kiwo, ba ta da nisa da mu. Rijiyoyinmu kuwa kowa ya san zurfinsu: sai an ɗaura wa raƙumi ko jaki igiya, ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito. Daga Gangara zuwa Olelewa, daga Falanko zuwa Tarka da Balbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, zancen ɗaya ne. Tabki ya cika da damina, ya janye da sanyi, bazara ta iske shi busasshe. Daga nan mutum da dabba, ɗan gari da baƙo, kowa rijiya yake kallo.

2. ABIN DA YUNWA TA KOYA MANA

Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914. Dattawan da ke zaune nan sun ga ta 1973 da 1974. Sun ga ta 1984, wadda aka laƙaba wa El Buhari saboda a shekarar Nijeriya ta rufe iyaka, hatsi ya kasa shigowa. Mu duka mun ga ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, mun kuma ga ta 2010.

Ku tambayi iyayenmu mata, me aka ci da rumbu ya ƙare? Za su ce muku dilon anza, da ganyen jiga, da aduwa, da magarya, da yaɗiya. Babu wanda ya shuka su, babu wanda ya ba su ruwa. Shekarar da gero ya ƙone tun yana ƙarami, su suna tsaye, domin saiwarsu ta riga ta yi ƙasa. Abin baƙin ciki, waɗannan itatuwa sun yi nisa da gari. Gatari ya ci, akuya ta ci, sassabe ya ƙarasa sauran. Inda yarinya kan je ta dawo kafin hantsi, yanzu sai ta wuni.

Bayan fārin 1984 Shugaba Seyni Kountché ya yi kira ga ƙasa duka a kama noman rani. Inda ruwa ke kusa abin ya karɓu, ya kuma ceci mutane da yawa. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Tun 1975 kuma ake dasa itace ranar 3 ga Agusta. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai kowa ya ga abin da kan faru da icen leda a ƙasa irin tamu: a dasa shi da damina, a yi ta ɗauke masa ruwa a tulu, ranar da mai tulu ya gaji ranar ya mutu. Ba laifin mai dashe ba ne, ruwan ne babu.

3. INDA MUKA ƊAUKO DABARA

Ba mu ƙago komi ba. A wuri biyu muka koya.

Na farko a ƙofar gidanmu yake. Tun 1987 ƙungiyar Eden, wadda Arne Garvi ɗan ƙasar Norwe ya kafa tare da maiɗakinsa, ta kama aiki a yankin Tanut, ta buɗe filin gwaji a Dalli. Abin da suka gwada shi ne shuka irin icen da ake ci kai tsaye cikin gona, yadda ake shuka gero, ba leda, ba ban ruwa, ba takin kanti. Manomin da ya biɗi iri sun ba shi kyauta. Dalilin dabarar a fili yake. Icen leda saiwarsa kan naɗe cikin leda, ya saba da ruwan sama-sama. Wanda ya tsiro inda zai zauna kuwa, tun yana ɗan tsito yake tura saiwa ƙasa yana bin laima. A shekarar fari za ka raina shi, amma bazara ba ta kashe shi da sauƙi.

Na biyu daga Maraɗi ya zo. Tun daga 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma kan kututturan da ke cikin gonakinsu, waɗanda ke tofo kowace shekara ana sare su. Ya nuna in aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, aka datse sauran, tofon zai zama itace da sauri, domin tsohuwar saiwa na nan da ranta. Shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 a Nijar, da itace kimanin miliyan 200. Wanda ya bi ta Magarya da Matamai ya ga gawo cike da gonaki. Gani ya kori ji. A 2020 gwamnati ta fitar da doka kan wannan aiki, wadda ta tabbatar wa manomi amfanin icen da ya raina a gonarsa. Saboda haka tsoron da ake yi a dā, wai itace na gandun daji ne ba na mai gona ba, bai kamata ya ƙara hana kowa ba.

4. AYYUKAN ƘUNGIYA

Ga abin da 'yan lambu ke yi, bi da bi, yadda shekara ke juyawa.

Tara iri. Da sanyi ake tsince magarya da aduwa. Mata da yara ke wannan aiki, tsofaffi ke nuna musu icen da 'ya'yansa suka fi zaƙi, domin ba kowace magarya ake ɗaukar irinta ba. Ana fasa ƙwallon magarya a hankali a fid da ƙwayar, ana ajiye iri cikin tulu da toka. Anza ita dabam ce. Irinta ba ya jure ajiya. Tana nuna dab da faɗuwar damina, kuma da ɗanyen irin ake shukawa. Wanda ya ajiye shi sai baɗi ya yi aikin banza.

Shuka. Filin da Maigari ya ba ƙungiya faƙo ne da kowa ya guda. Da bazara samari suka haƙa ramukan tasa da rabin wata, irin waɗanda manoman Illela a jihar Tawa suka yi suna da su, aka zuba takin dabbobi. Ruwan da dā yake gudu ya bar faƙo, yanzu rami ke tare shi. Da ƙasa ta jiƙu sosai aka shuka anza da jiga da aduwa da magarya da ɗanya, aka sa wake da yakuwa da kuɓewa a tsakani, domin masu aiki su samu na miya tun shekarar fari. Kowane gida kuma ya ɗauki iri ya kai gonarsa, domin filin ƙungiya makaranta ce kawai. Babban lambun shi ne gonakin gari gaba ɗaya.

Shinge. An kewaye fili da ƙaya, an kafa reshen aguwa da na dashi a bayanta kafin ruwa ya sauka. Ƙaya na ruɓewa, ana sace ta a kai murhu. Aguwa da dashi kuwa in sun kama sun zama shinge mai rai.

Lambun tabki. Ba mu ƙi ganye ba. Da ruwan tabki ya soma janyewa, mata kan bi laimar su shuka wake da kabewa da yakuwa, su yi 'yan fangalin albasa da tumatir da salat da ruwan da suke ɗiba a tabkin. Ranar da tabki ya ƙafe, ranar aka rufe wannan lambu. Dokar ƙungiya ke nan, ba a ɗauko masa ko tulu ɗaya daga rijiya. Abin da ya yi yawa, tumatir da kuɓewa, ana yanka shi a shanya. Zogale kuwa, da yake shi mai son ruwa ne, a cikin gida ake sa shi, kusa da inda ake alwala da wanke hatsi.

Lakwal. Malamin lakwal ya ba mu gefen fili. Kowane ɗalibi yana da ramin da ya shuka, shi ke kula da shi. Tsofaffin mata kan je su koya musu sunayen itatuwa, da wanda ake ci da wanda ba a ci. Akwai yaran da aka haifa a garin nan da ba su iya bambanta jiga da anza ba sai yanzu.

Asusun mata. Matan lambu suna zubi kowane mako, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a Maraɗi a 1991. Daga ciki suke sayen irin albasa da gyaran kayan aiki, ba su jiran kowa.

5. MAGANAR INJI

'Yan'uwa na cin rani, mun san da zuciya ɗaya kuka kawo shawarar inji. Kun yi ƙwadago a Kadawa da Kura, kun ga tumatir har inda ido ya tsaya. Amma ruwan dam ɗin Tiga ne ke bin waɗannan gonaki. Kun ga Mirriya da Gidimuni da kwarin Korama, inda mutum kan haƙa kaɗan ya tarar da ruwa. Kun ga lambunan Tabelot da Timiya a cikin Abzin, su ma a bakin koramu suke, ruwa kusa. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ku duba abu uku. Na ɗaya, ƙaramin injin da kuka sani ruwan kusa yake zuƙowa, ba zai kai gindin rijiyarmu ba. Wanda zai kai, tsadarsa da gyaransa wani lissafi ne dabam. Na biyu, ko ya kai, salat safe da yamma yake shan ruwa, kuma lokacin da ya fi ƙishi shi ne lokacin da matanmu ke kwana a bakin rijiya suna jiran layi. In rijiya ta ja baya a tsakiyar bazara, wa zai je ya gaya wa mai goyo cewa kabeji ya sha rabonta? Na uku, rijiyar nan ba tamu kaɗai ba ce. Abzinawa da Fulani suna shayar da dabbobinsu a nan tun kakanni, bisa tsarin da kowa ya sani. Ranar da muka sa inji muka rage musu, mun sayi rigimar da kuɗin asusu ba zai kashe ta ba.

In wata rana Allah ya kawo rijiyar burtsatse mai famfon hasken rana, ta daban, wadda masana suka auna suka ce ruwanta ya ishi mutane da dabbobi har ya yi saura, to a zo a zauna a sake magana. Kafin nan, da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Abin da ke hannunmu shi ne ruwan sama, da iri, da ƙarfinmu.

6. MAGANAR KUNYA

Akwai wata magana da ba a faɗi a taro, amma ana faɗinta a zaure. Wai anza abincin yunwa ce, wai abin kunya ne a ce garinmu na shuka ta. Wani ma in ya zo da baƙo daga birni ba ya so a ga dilo a jiƙe a gidansu.

Jama'a, abin da ya riƙe ran uwarka har ta haife ka bai cancanci raini ba. Gaskiya ne dilo na da ɗaci, kuma ba a cinsa sai an jiƙa shi kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita sarai. Wannan sani ne, iyayenmu mata ke da shi, kuma wajibi ne su bar wa 'yan baya. In an gyara shi abinci ne mai riƙe ciki. Ganyen anza kuma an daɗe ana sa shi cikin rumbu domin korar ƙwari. Aduwa na ba da 'ya'ya da mai da dubagira. Magarya na ba da akuri. Jiga na ba da ganye da rani, lokacin da babu wani kore.

Ku kuma sani abin ya shiga kasuwa. A 2014 Josef Garvi, ɗan wancan Arne na Dalli, ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a Damagaram, domin sayen anza da aduwa da magarya da makamantansu daga hannun matan ƙauye, a sarrafa su a sayar wa mutanen birni. Abin da muke ɓoyewa, wasu a kanti suke sayensa.

7. TAKARDAR FILI DA ZAMAN LAFIYA

Maigari, ranka ya daɗe, mun gode da fili. Amma muna roƙon a rubuta. Yau faƙo ne, ba mai so. Ranar da itace ya girma ya soma 'ya'ya, za a samu mai cewa gonar kakansa ce, a kori matan da suka sha rana a kai. An ga haka a wurare. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, tun daga gari har jiha, kuma suna ba da takardar kyauta ko ta aro. Muna so a yi takardar a gaban Maigari da Liman da magadan filin, a rubuta iyakoki, a rubuta cewa amfanin itatuwan na masu aikin ne. A yi ta tun dattawan da suka san iyaka suna raye.

Haka kuma shingenmu bai shiga burtali ba, ba zai kuwa shiga ba. Dokar kiwo ta 2010 ta kare hanyar dabbobi da mashayarsu. Mun zauna da shugabannin makiyayan da ke sauka kusa da mu, mun nuna musu fili. Su ma suna da riba, domin ganye da 'ya'yan itatuwan nan abincin dabba ne da bazara. Abin da muke roƙonsu shi ne a tsare ƙananan har su fi ƙarfin bakin akuya. Kuma mu faɗi gaskiya, akuyar da ta fi yi wa tsiro ɓarna ba ta baƙo ba ce, ta cikin gari ce da ake saki bayan girbi.

8. ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Na ɗaya, a bar rijiyar gari ga mutane da dabbobi.

Na biyu, a raba kuɗin asusu gida uku: ladan mai gadin fili daga girbi zuwa faɗuwar damina, domin a nan ne tsiro ke mutuwa ko ya rayu, sayen diga da shebur da baro na haƙar tasa, da kuɗin zirga-zirgar takardar fili. Ma'aji zai karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane taro, a kuma buga a wannan takarda.

Na uku, 'yan cin rani su aiko da gudummawarsu kafin bazara, ba bayan ruwa ya sauka ba. Mai jikka ya ba da jikka, mai dala ya ba da dala. Wanda zai dawo noma ya yi ƙoƙari ya iso da sauran lokacin haƙa. Wanda ba zai dawo ba ya gaya wa mai riƙe masa gona, da bakinsa, cewa kada a sare tofo wajen sassabe. Mai aron gona ba zai bar itace ba sai mai gona ya ce a bari.

Na huɗu, dattawa su taimake mu da abin da suka sani. Ku nuna mana inda dā akwai ɗanya, inda akwai jiga, inda ruwa ke kwanciya. Abin da kuka tuna shi ne taswirarmu.

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan lambu ba ya biya da wuri. Salat wata biyu ne a kai kasuwa. Magarya sai ta yi 'yan shekaru, aduwa ta fi ta jinkiri, wasu cikin masu shukar ba za su ci 'ya'yanta ba. Amma fari zai sake zuwa, kowa a nan ya san haka, ranarsa ce kawai ba mu sani ba. Muna so in ya zo ya iske abinci tsaye a gonakinmu, kusa da gida, domin tsoho da mai goyo da ba su iya tafiya Kano ko Agadas su samu abin da za su riƙe rai har ruwa ya dawo.

Mun gama namu. Magana ta koma hannun taro. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.



Kwamitin lambu